Dankalin Fassi ba ya jiran cukun kanti

Akwai wani girki da ya cika wayoyin mata a 'yan shekarun nan. Ana fere dankalin Turawa a yanka shi fale-fale ko a gurza shi, a shimfiɗa a faranti mai zurfi, a kwarara masa madara mai kauri, a rufe samansa da gurzajjen cukun Turawa, a tura cikin obin har ya yi ja. Daga nan sai a sa cokali a ɗago, a tsaya ana nuna wa mai kallo yadda cukun ke yauƙi yana jan zare. Masu koyar da girki a TikTok da Instagram suna gabatar da shi a matsayin abincin iyali na gargajiya, irin wanda uwa ke yi wa 'ya'yanta ranar da ransu ya ɓaci ko sanyi ya kama gari, kuma amaryar da ke son a ce ta iya girkin zamani takan sa shi cikin abin da za ta gwada. Ba ni da ja game da daɗinsa, kuma duk wadda ke da hali ta dafa abinta. Abin da nake ja a kai shi ne ɗaukar da ake yi cewa wannan shi ne ci gaban girkin dankali, faten dankalin da ake sha a Fassi da Tarai da Rurum kuwa abin maleji ne da za a yar da zarar aljihu ya yi nauyi. Aikin da wancan girki ke yi wa masu shi a ƙasarsu, fate ne ke yi mana shi a nan, kuma idan akwai inda ya kamata a zuba tunani da kuɗi da gwajin masana, to tukunyar fate ce.

Sai mu fara ganin girkin a gidansu. A Amurka ya fi suna a jihar Yuta da maƙwabtanta, tsakanin mabiya ɗarikar Mormon, inda ake ce masa dankalin jana'iza, domin matan coci ne ke haɗa shi su ciyar da iyalan mamaci da masu ta'aziyya bayan an dawo daga maƙabarta. Ya shahara har ta kai lokacin da birnin Salt Lake City ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 2002 an buga ɗan bajon tunawa mai hotonsa. To amma a duba kayan haɗin: gurzajjen dankali daskararre na leda, miyar gwangwani mai kirim, cuku, madara mai tsami, man shanu, da busasshen abincin masarar nan na kwali da ake barbaɗawa a sama. Babu ko ɗaya a ciki da ke da wuyar samu a wurinsu. Jihar Aidaho da ke iyaka da Yuta ita kaɗai ke noma kusan kashi ɗaya cikin uku na dankalin Amurka. Shahararriyar miyar gwangwani mai kirim da laimar kwaɗi ta kamfanin Campbell ta shiga kasuwa ne a 1934, kamfanin Ore-Ida mai daskarar da dankali kuma ya kafu a farkon shekarun 1950. Ke nan girkin da ake wa kirarin na kaka da kakanni bai girmi tsohuwar da ke raye yau da wani abin kirki ba. Abin da ya zaunar da shi shi ne matar da aka sanar da ita rasuwa da safe za ta iya buɗe firiji da kabad ta haɗa shi kafin rana ta take, ta ciyar da taron mutane ba tare da ta ci bashi ba. Faransawa ma suna da irin nasu, tartiflette, wanda masu yawon buɗe ido ke ɗauka tsohon abincin makiyayan tsaunukan Alps ne, alhali a shekarun 1980 ya yi fice, kuma masu sana'ar cukun Reblochon na yankin sun taka rawa wajen tallata shi don kayansu su shiga. A duka wuraren biyu, abin da ke kusa kuma yake da araha aka tara a faranti ɗaya, sabo ya mai da shi gado.

Yanzu a ɗauko wannan farantin a dire shi a Fassi, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, a ga abin da zai nema. Dankalin Turawa ɗan sanyi ne. Asalinsa tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, kuma ba ya zuba 'ya'ya yadda ya kamata idan ƙasa ta ɗau zafi dare da rana. Shi ya sa a Nijeriya ya yi gida a tudun Jos, a Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,200, kuma a can ne, a Kuru, cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta ajiye sashenta mai kula da shi. Motocin da ke ɗauko shi suna ratsa dajin Falgore da Tudun Wada, su gifta kudancin Kano su wuce birni, a sauke a kasuwa irin ta 'Yankaba, sannan ɗan kiri ya saro ya sake juyowa da shi ƙauye. Kowane lodi da saukewa kuɗi ne, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso na farashin duk abin da ya yi tafiya. Ga kuma cutar ƙunar ganye da ke yi wa manoman Filato ɓarna a shekarun da damina ta yi yawa, ita ce dai cutar da ta jefa Ailan cikin yunwa daga 1845 har mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu. Gaskiya ne ana iya noma shi a ƙasarmu da hunturu a kan ban ruwa, kamar yadda ake yi a Bonkuku da tsaunukan Ayar na Nijar, amma noman kasuwa ne mai cin iri da taki da feshi, wanda ya yi shi kuwa buhu yake ƙirgawa. Don haka a gidan karkara dankalin Turawa baƙo ne mai daraja: a soya shi da ƙwai a buɗa baki da azumi, ko a ga 'yan yankansa a abincin biki.

Cuku ya fi shi wuyar sha'ani, kuma lissafinsa ya kamata kowa ya riƙe. Kafin a sami kilo ɗaya na cuku mai tauri, irin wanda ke narkewa a obin, sai an kashe madara kusan lita 10. Farar saniyar Fulani, wato bunaji, wadda ita ce mafi yawa a rugagen kudancin Kano, abin da ake tatsa daga gare ta a rana bayan ɗan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, da rani ma ya kasa haka. Saniyar Turawa da aka tsare aka ciyar tana ba da lita 25 ko fiye. Wato cukun da za a barbaɗa a faranti ɗaya na iya cinye tatsar saniya ta kwana biyu ko uku, bayan haka kuma yana buƙatar makonni ko watanni a ɗaki mai sanyi kafin ya nuna. Shi ya sa cukun da ake gani a manyan kantunan Kano yawancinsa ɗan ƙetare ne, da dala aka sayo shi, a firiji ya zo, a firiji zai zauna. Ƙasar da tsohon gwamnan Babban Banki ya ce a 2019 tana kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 a shekara wajen shigo da madara da danginta ba ta da rarar nonon da za ta mayar dutse. Obin kuwa ba sai an daɗe a kansa ba. Akasarin gidajen karkara da itace da kara da gawayi suke girki, wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, tukunyar gas kuma wadda ta samu tana tattalinta ne don shayin safe, ba za ta kunna ta awa guda tana gashi ba.

To me Fassi ke da shi? Tana da dankalin Hausa, wanda ƙasar Kibiya da Rano mai yashi-yashi a gindin duwatsu ke karɓa ba gardama. Ba a sayen iri kowace shekara, yaɗonsa ake yanka a dasa a kunya. Yana jure a dasa shi a makare, bayan an gama da gero da dawa, cikin wata uku zuwa huɗu ya nuna, ganyensa kuma abincin awaki ne, ana ma iya miya da ɗanyensa. Idan kaka ta yi, sanyi ya fara saukowa, ya cika kasuwannin ƙauye tuli-tuli, a daidai lokacin da jiki ke son abu mai ɗumi. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi noma shi a Afirka, kusan tan miliyan 4 a shekara bisa ƙiyasin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Yadda ake faten kuwa kowace uwargida ta sani, amma yana da kyau a faɗe shi dalla-dalla don a ga hikimar da ke ciki. A soya albasa da jajjagen tumatir da attaruhu a manja ko man gyada, a sa daddawa, a tsaida ruwa. In akwai wake, shi ake fara dafawa ya yi laushi. A zuba dankalin da aka fere aka yanka gutsi-gutsi, a kawo dakakkiyar gyada ko garin ƙuli-ƙuli, in da hali a ɓare busasshen kifi, wanda tafkin Tiga bai hana mutanen yankin ba tun da aka kammala dam ɗin a 1974. Dankalin da kansa zai fashe ya ɗaure ruwan, ba sai an nemi kirim ko fulawa ba. A ƙarshe a watsa alayyahu ko zogale, wasu su ƙara 'yar yakuwa don tsaminta ya karya zaƙin. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, ƙasa da awa guda. Gyada ta ba da maiƙo da kaurin da cuku ke bayarwa a wancan girki, daddawa ta ba da ƙamshin abin da ya kwana ya nuna, wanda shi ne ainihin abin da harshe ke nema a tsohon cuku. Tsoho marar haƙori zai sha, yaron da aka yaye zai sha, kuma idan baƙi suka faɗo ana ƙara ruwa da dankali ne kawai.

Abincin lallashin zuciya ba sabon abu ba ne a wurinmu, muna ma da ma'auninsa tun daga addini. Ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a bai wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, tana mai kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yana sanyaya zuciya ya rage baƙin ciki. Haka kuma lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta ya iso Madina, a shekara ta 8 bayan hijira, umarnin da aka bayar shi ne maƙwabta su dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. A kan wannan Bahaushe ya gina al'adarsa: kwanukan da ke shiga gidan makoki daga maƙwabta, kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, faten tsaki mai yakuwa da ake yi wa wanda zazzaɓi ya kashe wa baki, kunun gyada a lokacin shan ruwa. Duk abinci ne mai laushi da ɗumi, mai saurin dahuwa, wanda maƙwabciya mafi ƙarancin hali za ta iya yi daga abin da ke rumbunta ba tare da ta aiki yaro birni ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, domin abincin da sai mai kuɗi zai iya kai wa gidan makoki ya tashi daga jaje ya koma nuna isa. Dankalin jana'izar Yuta ya cika sharaɗin a Yuta. A Fassi faɗuwa yake yi tun daga ƙofar gida.

Za a ce wannan ra'ayin riƙau ne, kuma mai faɗar haka yana da hujja mai ƙarfi a hannunsa. Kusan duk abin da na lissafa a tukunyar fate baƙo ne. Dankalin Hausan kansa daga nahiyar Amurka ya zo, haka gyada da tumatir da barkono da masara da rogo, duk bayan jiragen Turawan Fotugal sun fara haɗa gaɓar tekun Afirka da can. Gyadar da Kano ta yi dala da ita har duniya ta san ta ba 'yar ƙasa ba ce. In kakanninmu sun karɓi waɗannan, don me za a hana jikokinsu karɓar cuku da obin? Amsar ita ce ba hani nake kira a yi ba, ina nuna yadda baƙon abinci ke zama ɗan gida ne, kuma tarihinmu ya nuna hanyar sarai. Alkama ta zo, matan Kano suka yi mata tanderu suka fidda gurasa, suka murza taliya da hannu kafin injin ya iso, suka yi alkaki da alkubus. Misalin da ya fi kusa shi ne awara. Dattawan da ke raye sun san lokacin da babu ita. Waken suya ya yaɗu a arewa, mata suka gano cewa ruwan tsamin da ke kwanciya a kan gasarar koko, wanda da zubarwa ake yi, yana daskarar da madararsa, suka soya suka haɗa da yaji da kabeji, yau ga ta a kowane lungu tana ciyar da ɗalibai tana aurar da 'yan mata. Ba wanda ya yi wa awara talla a talabijin. Ta zauna ne saboda an noma kayanta a gonar gida, an dafa ta a murhun gida, an sayar da ita a kuɗin da yaro zai iya riƙewa a tafin hannu. Abin da ya kasa bi ta wannan ƙofa yakan tsaya a otal da gidan biki, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Ƙorafi na biyu ya fi taɓa ni, domin daga cikin gida yake fitowa. Mutane da yawa na ganin dankalin Hausa abincin talauci ne, abin da ake ci idan hatsi ya ƙare, ga zaƙi, ga ƙwannafi da kumburin ciki, kuma ba ya gina jiki. Akwai gaskiya a nan da bai kamata a ɓoye ba. Dankalin da aka dafa zalla aka dangwala da ƙuli da gishiri cika ciki ne kawai, sinadarin gina jiki kaɗan ne a cikinsa, kuma gidan da yaransa suka dogara da shi haka za su rame suna ƙoshi. Amma wannan laifin rashin haɗi ne, kuma dankalin Turawa ma da za a ci shi zalla haka labarin yake. Cuku ne ke rufa masa asiri a wancan girki, mu kuwa muna da gyada da wake da awara da kifi da kindirmo, waɗanda kowannensu ya fi cukun kanti araha nesa ba kusa ba. Batun zaƙi kuma harshe ne ke ruɗar mu, domin dafaffen dankalin Hausa ba ya ɗaga sukarin jini da saurin da gasasshen dankalin Turawa ke yi, ko da yake mai ciwon suga dole ya bi awon da likita ya ba shi a kan kowannensu. Farantin da aka cika da kirim da man shanu da cuku da gishirin gwangwani ba shi ne za a kawo wa mai hawan jini a matsayin gyara ba.

A nan ne ma dankalin Hausa ke da wata dama da ɗan'uwansa ba shi da ita. Akwai nau'insa mai jan ciki kamar karas, wanda ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar yaro. Cibiyar binciken dankali ta duniya da ke Lima a ƙasar Peru ta nuna cewa kimanin giram 125, wato ɗan madaidaicin dankali ɗaya, ya ishi ƙaramin yaro buƙatarsa ta yini. A kan wannan aiki ne Maria Andrade 'yar Kef Bad da Robert Mwanga ɗan Yuganda da Jan Low 'yar Amurka suka karɓi kyautar abinci ta duniya a 2016 tare da Howarth Bouis. A Nijeriya cibiyar Umudike ta fitar da irin waɗannan nau'o'i tun daga 2012, jihar Osun kuma ta taɓa shigar da fatensa cikin abincin da ake ba ɗalibai a makarantun firamare. A jihar Kano, wadda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano fiye da rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Gaskiya nau'in mai jan ciki ya fi ruwa, bai kai fari gari-gari ba, kuma masu son dafaffen dankali mai shaƙe wuya sukan raina shi. To amma fate ai ruwa yake so. Girkin da muke da shi tuni shi ne ya fi dacewa da sabon irin, ba sai an koya wa kowa sabon ɗanɗano ba.

Saura hujjar masu tattalin arziki, waɗanda ke cewa idan mutanen birni suka kamu da son cuku, makiyayi ne zai ci riba, domin za a kafa masana'antu a sayi nononsa. Ina ma a ce haka abin yake tafiya. An gwada turawa ta wannan hanya daga sama: a 2020 Babban Banki ya taƙaita samun dalar shigo da madara ga kamfanoni shida da suka yi alkawarin zuba jari a kiwon gida, a 2024 aka ɗage takunkumin, a shekarar ce kuma aka kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. A Kano akwai kamfanin L&Z da ke sayen nono a hannun Fulani yana yogot, akwai kuma shirin noma da kiwo na jiha da Bankin Musulunci ke tallafawa, wanda ya sa cibiyoyin tattara madara cikin ayyukansa. Duk waɗannan suna fama ne da matakin farko: yadda nono zai bar ruga ya isa inda ake so kafin ya lalace, da yadda saniya za ta sami ciyawa da ruwa a watan Maris. Wanda bai warware wannan ba, maganar cuku mai wata shida a ɗakin sanyi mafarki ce. Kuma ko da nonon ya ƙaru, cikin yaro ya fi cancanta da shi a fura ko kunu kafin a matse lita goma a fidda kilo guda don masu obin. In dai cuku ake so, muna da namu da ya dace da zafinmu. Fulani na dafa madara da ruwan tumfafiya su fidda farin cuku mai laushi, wanda ake kira wara a ƙasar Yarbawa, wagashi a Benin da Togo, kuma madarar da yake ci ba ta kai ta cukun Turawa ba. Buzaye da Fulanin Nijar na shanya nasu cukun fale-fale ya yi watanni bai lalace ba, har yana isowa kasuwanninmu ana daka shi a fura. Wara ba ta narkewa ta ja zare, don haka ba za ta yi kyau a bidiyo ba, amma in aka soya ta aka jefa a fate tana riƙe jikinta kamar tsoka. Matsalarta guda ce, ba ta wuce 'yan kwanaki sai ta lalace in babu sanyi, kuma wannan tambaya ce da ta dace da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da Jami'ar Bayero fiye da kwaikwayon cukun Ingila.

Uwargidar da ke sha'awar gashin kanta ma ba a rufe mata ƙofa ba. Matanmu sun daɗe suna gasa kek a tukunyar da aka zuba wa yashi, ko su ɗora garwashi a kan murfi, wuta sama wuta ƙasa. Dankalin Hausa da aka yanka fale-fale, da albasa, da ƙwai da aka kaɗa da kindirmo, da marmasasshiyar awara ko wara a sama, zai gasu ta wannan hanya ya yi ɓawo mai daɗi. Ko zai karɓu ko ba zai karɓu ba, bakin yara ne zai yanke hukunci, kamar yadda ya yanke wa awara.

Inda dankalin Hausa ke da rauni na gaske shi ne ajiya da iri, kuma nan ne hukuma ke da aikin yi. Yakan fito gaba ɗaya a lokaci guda farashi ya faɗi warwas, manomi ya sayar da asara, bayan wata biyu ko uku kuma a neme shi a rasa, domin ƙwaro na huda shi tun yana ƙasa idan kunya ta tsage, zafi kuma na ruɓar da wanda aka ji wa rauni wajen haƙa. Tsohuwar dabarar yanka shi a shanya, wadda masu kunun zaƙi suka dogara da ita, tana ceton wani kaso, amma rana na cinye wani ɓangare na sinadarin nau'in mai jan ciki idan aka shanya shi a fili. Akwai hanyar binne saiwar a busasshen yashi a ɗaki ta kai ƙarshen rani, sannan a fitar a shayar da ita ta tsiro a sami yaɗon dasawa, wadda aka gwada ta yi aiki a ƙasashe masu dogon rani irin namu. Malaman gona na hukumar noma ta jiha, KNARDA, za su iya koyar da wannan a Fassi da Durba da Kahu ba tare da an kafa wata sabuwar hukuma ba. Yankin kuma yana da abin da wurare da yawa ba su da shi, wato ruwan Tiga da fadamun da ke kewaye, inda 'yan manoma kaɗan za su iya rainon yaɗon iri mai jan ciki duk tsawon rani su sayar wa maƙwabta idan damina ta kankama. Idan ƙananan hukumomin Kibiya da Rano suka yi alkawarin sayen wani kaso na amfanin don faten ɗalibai ko da sau ɗaya a mako, manomi zai san inda zai kai kayansa kafin ya dasa. Sai dai yaɗon ya isa hannunsa kafin watan Agusta ya yi nisa, in ba haka ba maganar ta koma baɗi.